Tara Cikin Ashirin

Litinin, 6 ga Janairu, ƙarfe 4 na yamma

Yau aka fara darasin hutun sanyi. Daga tara na safe zuwa ƙarfe ɗaya, Turanci zalla, har ranar babbar jarrabawa a watan gobe. Umma ta ce da sakamakonta za a raba mu aji-aji idan mun shiga sakandare a watan Maris.

Mu goma sha huɗu ne a ajin Malama Bong. Kowace safiya za ta raba mana jimla ashirin. A kowace jimla an ja layi ƙarƙashin wurare huɗu, ɗaya kuskure ne, sai ka nemo shi ka gyara. Bayan minti goma sha biyar a yi musanyen takarda da na kusa, Malama ta karanto amsoshi. In daidai ne ka yi da'ira da jan fensir, in kuskure ne ka ja kara. Daga nan sai abin da na tsana. Za ta kira suna, wanda ya duba takardar ya faɗi makin da ƙarfi kowa na ji. Duk wanda bai kai sha shida ba zai zauna har ƙarfe huɗu ya sake, kuma a kira gidansu.

Sa'ata ɗaya, Dasom ce a kusa da ni. Tun aji huɗu muke tare, kuma ita kaɗai ce ba ta taɓa ce min "ɗaga murya mana" ba. In mai kanti bai ji abin da na ce ba, ita ke maimaita masa. Kunkuru take kirana, wai da an kalle ni sai in mayar da wuya cikin riga.

Na ci sha tara. Ita sha shida cif.

Alhamis, 9 ga Janairu, ƙarfe 2 da rabi

Malama ta ce, "Pyo Dasom?" Na ce, "Sha bakwai."

Alhamis, ƙarfe 6 na yamma

Ba sha bakwai ba ne.

Kafin a fara karanto amsa ta turo min magoginta. Ta rubuta a jikinsa da fensir: "Ba zan iya zama har ƙarfe huɗu ba. Don Allah." Na kalle ta, tana kallon allo. Da Malama ta zo lamba ta uku na ga ba daidai ba ne, amma hannuna ya riga ya zagaya. Ta shida ma haka. Bayan nan na daina ƙirgawa.

Malama ba ta karɓar takardun. Maki kawai take rubutawa, takarda ta koma wa mai ita, don ya yanko tambayoyin da ya faɗi da almakashi ya liƙa a littafin kurakurai, ya rubuta gyaran a ƙasa sau uku. Dasom ta cusa tata a jaka, ƙarfe ɗaya na bugawa ta fita a guje. Ko sai gobe ba ta ce min ba.

Sau ɗaya ne kawai.

Juma'a, 10 ga Janairu, ƙarfe 3

Sha takwas na ce yau.

Lahadi, 12 ga Janairu, ƙarfe 11 na safe

Na kasa zama wuri ɗaya. Na gyara teburina, na sake gyarawa. Na fere fensir bakwai.

Ga abin da na yi tunani. Tunda da'ira nake yi mata, ba ta da abin yankawa, ke nan ba za ta taɓa sanin inda take faɗuwa ba. Don haka na juya littafin kurakuraina ta baya na fara rubuta nata, duk waɗanda na tuna. Na tuna da yawa. Kusan abu ɗaya take maimaitawa, tana manta harafin s a ƙarshen aikatau, tana haɗa abin da ya wuce da na yanzu. In na koya mata cikin mako guda za ta riƙa cin sha shida da kanta, shi ke nan babu wanda zai sani.

Yaya Yerin ta leƙo ɗakina ta ce, "Ke lafiyarki? Kin cinye farcenki kaf. Ko mutum kika kashe?" Na ce ta fita. Ta ce, "Au, ashe tana magana."

Talata, 14 ga Janairu, ƙarfe 2

Na tare ta a matakala na buɗe littafin. Na ce minti biyar kawai.

Ta karanta ɗaya, "My brother play soccer," ta ce, "To me ya same shi? Yana wasansa lafiya lau."

Na ce sai an ƙara s, tunda mutum ɗaya ne.

"Mutum ɗaya ya yi abu a ba shi s, mutum goma su yi a hana su? Turawan nan ba su da adalci, Kunkuru. Ki ba shi nasa ya tafi, ni sauri nake."

Na yi dariya ban so ba. Da ta miƙo min littafin na ga ƙuna a bayan hannunta, doguwa, irin ta bakin tukunya. Na ce me ya same ki. Ta ja hannun riga ta rufe.

"Ummanki fa?"

"Tana hutawa."

"Har yanzu?"

"E, har yanzu. Ke 'yar sanda ce?"

Ban tambayi Abbanta ba. Tun kaka take cewa yana wajen aiki.

Ba gida ta nufa kai tsaye ba. Na hango ta ta shiga kantin magani, ta fito ta shiga wajen mai sayar da kimbap, naɗaɗɗiyar shinkafar nan da ake saya a tafi da ita gida.

Laraba, 15 ga Janairu, ƙarfe 5

Gwajin babbar jarrabawa aka yi yau, tambaya tamanin, na'ura ce ke dubawa. Ba musanye. Wajen rabin lokaci na waiga na ga ta kifa kai a kan takarda. Ba tunani take ba, barci take. Na taɓa ƙafarta da tawa ta farka a firgice ta ce, "Na'am, Umma." Wasu suka yi dariya.

Rigar nan ce a jikinta tun Litinin.

Alhamis, 16 ga Janairu, ƙarfe 7 da rabi na safe

Cikina na ciwo. Umma ta taɓa goshina ta ce ba zazzaɓi, in sha miya in tafi.

Juma'a, 17 ga Janairu, ƙarfe 4

Na manta yau ake duba littafin kurakurai. Na manta sam. Muka tara su a teburin Malama kafin hutun rabin lokaci, ban tuna da shafukan baya ba sai da na ga ta juya nawa.

Da aka tashi ta ce, "Tak Nari, tsaya." Dasom ta riga ta fita.

Ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ba ta tsaya a kaina ba. Da ma ta yi faɗa. Ta buɗe shafin ta ce, "Ranar tara ga wata kin ci ashirin cikin ashirin. Ga shi kuma kin rubuta kuskure takwas na ranar. Na waye?"

Na kalli takalmina.

"Dasom kullum sha bakwai, sha takwas. Littafinta kamar ba a taɓa ba. Na'ura kuma ta ba ta talatin da ɗaya cikin tamanin. Nari, shekarata goma sha biyu ina wannan aikin."

Ta jira. Ina jin ƙarar na'urar ɗumama ɗaki.

"Na san ba mugunta ba ce. Wanda ya yi don mugunta ba zai zauna ya kwafe kurakuran mutum da kyakkyawan rubutu haka ba. Amma kin rufe mata ido ne kina jan ta zuwa jarrabawa. Ranar Litinin ki faɗi abin da kika gani a takarda. In ba ki faɗa ba zan karɓi takardun da kaina, in kira gida biyu maimakon ɗaya."

Har na kai ƙofa ta ce, "Akwai abin da ke faruwa a gidansu ne?"

Na girgiza kai.

Ban san me ya sa na girgiza ba. Ai ban san komai ba. Ƙuna ce kawai, da riga. Kowa na iya ƙonewa.

Asabar, 18 ga Janairu, ƙarfe 3

Ta turo saƙo da safe: "Fito bakin tasha, minti ashirin gare ni." Na tsara abin da zan faɗa tun a lif. Malama ta gane. Kalma uku.

Na same ta wajen mai fanken nan mai siffar kifi ta riga ta saya, uku a takarda, masu jan wake a ciki. Ta karya na ukun ta ba ni kan, ta san shi nake so. Muka tsaya muna hura yatsu.

Ta ce, "Kin san ke ce kaɗai ba kya tambayata komai? To kin tambaya sau ɗaya, na yafe." Ta yi dariya. "In aka gama wannan abin zan yi karatu, na rantse. In riƙa cin ashirin ina kallonki kina kuka."

Na ce, "Dasom."

"Na'am?"

"Waken da zafi."

"To ki hura mana, Kunkuru. Shi ma sai na yi miki?"

Wayarta ta yi ƙara, ta duba, fuskarta ta canza, ta tafi.

Lahadi, 19 ga Janairu, ƙarfe 10 na safe

Na rubuta mata saƙo na goge.

Lahadi, ƙarfe 1

In na faɗa mata za ta ce in sake yi sau ɗaya. Kuma zan yi. Sai a kira Umma.

In ta yi karatu yau mai yiwuwa ta ci sha shida da kanta. Amma ba ta san akwai dalilin yin karatun ba, tunda ban faɗa ba.

Lahadi, ƙarfe 5

Na rubuta na goge. Sau shida ke nan.

Litinin, 20 ga Janairu, ƙarfe 3

Zan rubuta shi a jere don in daina maimaitawa a kaina.

Muka yi musanye. Malama ta fara karantowa, ta tsaya a bayan aji yau, ba a gaba ba. Ta ɗaya daidai. Ta biyu ba daidai ba. Na ja kara. Jan fensir yana ƙara in an ja kara, ban taɓa lura ba. Dasom ta ji. Ta juyo ta kalli takardar, ta kalle ni. Ta taka min ƙafa a hankali. A ta biyar ta taka da ƙarfi. A ta tara ta ɗauke ƙafarta.

Da aka gama takardar ta cika da karare, irin wadda yara ke cewa ruwan sama ya sauka a kanta.

"Pyo Dasom?"

Na faɗa.

"Ba mu ji ba."

A da ita ce ke maimaitawa in ba a ji ni ba. Na jira, ban san me nake jira ba. Sai na ce, "Tara." Ya fito da ƙarfi fiye da yadda na so. Wata a baya ta ce kai!

"Tak Nari?"

Dasom ta ce, "Ashirin." Muryarta ƙalau. Da takardata ta dawo na ga akwai biyu da na faɗi, amma ta yi musu da'ira.

A matakala ta tsaya ta juyo.

"Ta gane ne?"

Na ɗaga kai.

"Yaushe?"

"Juma'a."

"Juma'a." Ta kalle ni. "Ranar Asabar kin tsaya kin ci kifina, kin ce min wake da zafi."

Ba ta zauna sakewar ba. Malama ta biyo ta tana kira, ba ta waiga ba.

Talata, 21 ga Janairu, ƙarfe 2

Ba ta zo ba. Mu sha uku, babu wanda zan yi musanye da shi, Malama ce ta duba tawa. Sha huɗu. Na zauna har huɗu... a'a, yanzu ƙarfe biyu ne, ina zaune a ɗakin sakewa ina rubuta wannan a ƙarƙashin takarda. An kira Umma. Ko a jikina.

Laraba, 22 ga Janairu, ƙarfe 4 da rabi

Ba ta zo ba. Saƙona uku, ba ta buɗe ba.

Na tsaya bakin ofis har Malama ta gaji ta ce in shigo. Ban tambaya ba, ita ta faɗa. Ta kira Umman Dasom sau shida ranar Litinin ba a ɗauka ba. Jiya ma haka. Sai ta kira lamba ta biyu da ke takardar rajista, ta innarta, yayar Ummanta da ke garin Mokpo. Ta ce innar ta tambaye ta a waya, "Wata nawa ke nan?" Sai innar ta hau motar yamma.

Malama ta cire tabaranta ta murza ido. Ta ce, "Na tambaye ki ranar Juma'a." Ba da faɗa ba. Na gwammace faɗan.

Alhamis, 23 ga Janairu, ƙarfe 7 na yamma

Umma ta dawo daga kasuwa tana yi wa Abba magana ƙasa-ƙasa a kicin. Na ji "gini na 104", ginin su Dasom ke nan, na ji "motar asibiti", na ji "yarinya ita kaɗai tun watan Nuwamba". Da na shigo suka koma maganar kabeji.

Wajen cin abinci Umma ta yi ta ƙara min nama. Ta ce, "Nari, in wani abu na damun ƙawarki ai kin san za ki iya faɗa min ko?" Na ce e. Yaya Yerin ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya. Abin ya fi ba ni tsoro.

Ba a sake maganar sha huɗun da na ci ba.

Juma'a, 24 ga Janairu, ƙarfe 8 na safe

In da na ce sha bakwai, da tana gida. In da na ce sha bakwai, da tana gida ita kaɗai da tukunya. Na juya shi ta nan, na juya ta can, ba ya zama.

Asabar, 25 ga Janairu, ƙarfe 5 na yamma

Na je.

Na zagaya ginin sau uku kafin in danna lambar gidansu. Wata murya ta ce waye. Na faɗa, ta ce waye, na sake faɗa har wani tsoho mai kare ya juyo. Aka buɗe.

Innarta gajeriya ce mai faɗi, da safar roba har gwiwar hannu. Duk tagogi a buɗe cikin wannan sanyin. Buhunan shara jere a bakin ƙofa, sun kai takwas. Ƙofar ɗakin Umman Dasom a buɗe, babu katifa a gadon. Ban sake kallon wajen ba.

"Ke ce Nari? Shigo, 'yata, kada ki cire rigar sanyi. Dasom! Ga ƙawarki. Kin ci abinci? Ba ki ci ba, kalli wuyanki."

Dasom na zaune a ƙasa tana cusa kaya a akwati. Ta wanke kai. Ba ta ɗago ba.

Na ce, "Tafiya za ki yi?"

"Gobe da takwas. Mokpo. A can zan shiga sakandare."

"Jarrabawar fa?"

"Ke har yanzu jarrabawa?"

Na durƙusa na fara ninke mata riguna, don ban san inda zan sa hannuna ba. Ta bar ni. Can na ce yaya Ummanta.

"Tana asibiti. An ce za ta jima. Ta yi ta kuka da aka zo ɗaukarta, tana cewa na yi mata alkawari ba zan bari kowa ya sani ba." Ta danna akwatin da gwiwa. "Wata uku ban bari ba. Ke kika zo da tara ɗinki."

Na ce ki yi haƙuri.

"Ba taran ke min ciwo ba. Da kin faɗa min ranar Asabar, da na san abin yi. Da na yi ƙaryar ciwo, da na... oho. Ban sani ba." Ta kalle ni. "Kada ki yi kuka. In kin yi kuka dole in lallashe ki, ni kuwa na gaji da lallashi."

Na haɗiye. Da ƙyar.

Ta ja zik ɗin ya maƙale, muka ja tare. Sai ta ce, ba ni take kallo ba, "Jiya na yi barci har ƙarfe tara. Na farka na ji ƙamshin miya, na ruga kicin da gudu na ɗauka ni na bar tukunya a wuta. Ashe Inna ce. Ta ce in koma in kwanta. Na tsaya a wajen kamar sakarya, ban san me ake yi da safe ba in ba ka da aiki."

Daga kicin Inna ta ce, "Ku zo ku ci tun da zafi, ku bar gulma!"

Muka ci a ƙasa don an ɗaure teburin. Dasom ta ci shinkafa kwano uku. Inna na ta zuba mata tana cewa a Mokpo za ta ci kifi har ta yi ƙiba ta kasa shiga ƙofa. Dasom ta ce, "Kamar ke, Inna?" Inna ta ɗaga mata ludayi.

Ta raka ni bakin lif da silifas. Muka tsaya muna kallon lambobi suna hawowa.

Ta ce, "Ban yafe ba."

Na ce na sani.

"Ban kuma san ko akwai abin yafewa ba. Kaina ya kulle." Lif ya buɗe, na shiga. Ta sa ƙafa ta tare ƙofar. "Kada ki kira ni. In na kira ki, ki ɗauka. Ba yanzu ba."

"Yaushe?"

Ta cire ƙafarta.

Lahadi, 26 ga Janairu, ƙarfe 8 da kwata na safe

Sun tashi yanzu. Ban je ba, ba ta ce in zo ba.

Na ƙure ƙarar wayata na ajiye ta a kan tebur. Umma ta ce in zo in karya. Na ce a kawo min nan.